Katin da na ɓoye a ƙasan akwati

Ban taɓa son ɗan wan ubana ba, kuma tsufa bai sa na fara son shi ba. Ya girme ni da shekara huɗu. Tun muna yara yake da baki, idan ya shiga wuri kamar an saki zabo. Ya yi aikin kuku wajen wani Nasara mai sayen gyaɗa a Tasawa, da Nasaran zai koma gida bayan an ba mu mulki ya tafi da shi Faransa. Shekara biyu ya yi can. Ya dawo da kwat mai kauri wadda ba ta da amfani a ƙasarmu, da wani irin tari da yake yi kafin ya fara magana.

A shekarar da ya dawo aka ce kowane gari ya fid da mutum guda wanda zai tsaya kan ma'aunin gyaɗa a madadin manoma, don kada a cuce su wajen awo. Aiki ne na wanda aka yarda da bakinshi: abin da ya ce ya gani, shi ke nan. A garinmu, kusa da Maijirgi, mu biyu aka ambata. Ni na yi lakwal, makarantar boko, aji uku, ni ke karanta wa gari wasiƙa. Shi kuwa ya san Nasara, ya san dabarunsu, kuma dattawa sun fi karkata gare shi.

Muka hau kamyo, babbar motar kaya, da dattawa uku har da liman zuwa Tasawa don a rubuta sunan wanda suka zaɓa. Da azahar ya ce sai ya ciyar da mu, ya kai mu gidan abincin wata 'yar Dahome kusa da tasha. Tebur ne da kujeru. Limaminmu ya zauna bakin kujera kamar wanda aka kawo gaban alƙali. Aka kawo shinkafa da miyar kifi, kowa da farantinshi. Mu muka sa hannu, shi ya ce a ba shi cokali mai yatsu. Ina kallon shi yana tsintar shinkafa, raina na tafasa.

Ya yi tarin nan nashi, ya fara. Wai a garin maigidanshi duwatsu ne, dusar ƙanƙara ta rufe su fari fat. Wai mutane daga ƙasashe da yawa suka taru, kowa da tutar ƙasarshi, suka ɗaura katako biyu dogaye a ƙafa, suna gangarowa daga kan dutse sun fi mota gudu. Wai har da masu tashi sama, su wuce tsawon gona kafin su dira.

"Gudun me suke yi?" in ji liman.

"Ba komai, malam. Wasa ne, kamar kokawa. Ni na soya masu dankali kwana goma."

Wani dattijo ya lashe yatsa ya juyo wajena. "Kai ɗan lakwal, akwai wannan abu?"

Akwai, kuma na sani. Daga can ya aiko mani da kati mai hoto, mutum kan katako biyu a sararin sama, ƙasa fari, jama'a sun yi cincirindo. A baya an rubuta mashi gaisuwa zuwa ga gari duka. Ban karanta wa kowa ba, na sa shi ƙasan akwati don haushi.

Na ce, "Baba, ban taɓa gani a littafi ba. Yaya dai ya saba, tun yana yaro kura goma yake gani inda akwai kare guda."

Da taubashina ne, da an ce wasa nake. Amma ɗan ƙanen uba bai ƙaryata yayanshi gaban manya sai da dalili, haka suka ɗauka. Suka yi dariya. Shi ya ajiye cokalin, ya dube ni. Sunana aka rubuta da la'asar.

Na tsaya kan ma'auni shekara tara. Shi kuwa gari ya laƙaba mashi Sarkin Ƙanƙara. Ko ya ce an ga wata, sai an nemi wani ya tabbatar. Da aka yi rikicin iyakar gonar uwarshi, ya rantse ya san inda tsohon gawon iyakar yake, ba a karɓi shaidarshi ba, gonar ta tafi. Ina wurin a zaune.

Sai da gemunmu ya yi fari na ɗauki katin na je gidanshi. Yana gyaran igiyar jaki. Na miƙa mashi, ya duba, ya yi tarin nan da har ranar yake ba ni haushi.

"Ashe ya iso. Na ɗauka gidan waya ne suka ɓatar."

Na ce zan kai shi masallaci in nuna wa jama'a.

"Wa za ka nuna wa? Liman ya rasu, sauran biyun ma. 'Yan yanzu suna gani a tele." Ya maido mani. "Riƙe abinka, ƙanena. Sunanka ne a kai."

Ya ci gaba da igiyarshi. Na tsaya ina jira ya zage ni, ya hana ni ko wannan.