Wuƙar Gashin Gira

A ɗakin bincikenmu kowa Inna yake ce mata, har Farfesa da ya girme ta. Girarta ta hagu ta kusa ƙarewa, sai da na yi kwanaki a wurin na san dalili.

Aikinta yankan ƙwan kwaɗo ne. Ƙwan bai fi kan ashana ba. Idan ya fara rarrabuwa, takan sa shi ƙarƙashin madubin ƙara girma ta yanko ɗan ɓangaren samansa. Ƙarfe dagargaza shi yake yi, don haka takan tsige gashin girarta guda ta manna a bakin tsinken gilashi. Wuƙar ke nan. Abin da ta yanko, in aka bar shi a ruwan gishiri, fata yake zama. In aka ɗiga masa sinadarin da ƙwayoyin jiki ke aika wa juna saƙon girma da shi, kaɗan ya zama jini, a ƙara ya zama tsoka. Takan ce ɗan tsurut ɗin ya fi 'ya'yanta jin magana. Mijinta kuwa, in ji ta, ya gaji da tsokana, sai dai ya sayo mata jagira.

Sai hannunta ya soma rawa. Teburina na kusa da nata, ina gani. Ta daina shan shayi, ta riƙa tokare hannu da tawul, tana riƙe numfashi. Duk da haka ƙwan yakan fashe, ya ɓata ruwan.

Wata safiya Farfesa ya tsaya a bayanta har ta fasa na ƙarshe. Cikin taushin murya ya ce ta koma ƙasa wurin kwaɗin, ba su abinci da sauya ruwa. Ta roƙi ya bari ta sake gwadawa.

"Hutu ne, Inna," ya ce, idonsa na kan waya.

Ni aka ba kujerarta. Gashin girata ya cika laushi, lanƙwashewa yake yi. Farfesa ya ce in sauka in karɓo na Inna, ai nata ya fi kyau.

Na same ta da bokiti a hannu. Da ƙyar na faɗa mata abin da ya kawo ni. Ta ajiye bokitin, ta goge hannu, ta kai hantsaki fuskarta, amma ya ƙi kama komai. Ta miƙo mini shi, ta sunkuyo.

"Tsige da kanki, 'yata. Daga ta dama. Ta hagun sun cinye."