Yumɓun da Aka Tankaɗe wa Baƙi

Mun tashi daga Ɗan Isa ranar Laraba ana sallame sallar asuba, ko kokon da aka dama mani ban sha ba, domin direba ya danne hon kamar gobara ta tashi. Mu huɗu ne a motar, mai buɗaɗɗen baya: ni, da direban, da wani hafsan soja cikin kayan gida, da wani Dakta, ba na allura ba, na binciken ƙasa da ƙarfe. Masu tare ni a bakin masallaci suna tambayar abin da ya haɗa ni da soja, ga amsarku a rubuce, na gaji da maimaitawa.

Dakta yana ɗauke da wani tsingaro a ƙulle cikin hankici, yana lallaɓa shi kamar ƙwai. Guntun 'yar tukunya ce, irin wadda maƙeran farfaru ke narka tagulla a ciki, wani maƙeri ya ba shi a Kaura bara. Ya ce rigar kariyar da soja ke sawa yanzu ƙarfe ne a cikinta, ga nauyi ga zafi, shi ya sa yaranmu sukan cire ta da rana ta take, harsashi kuwa ba ya jiran rana ta yi sanyi. Sulken gobe, in ji shi, gasasshen yumɓu ne, a matse shi kamar faranti, harsashi ya farfashe a kansa. Amma ba kowane yumɓu ba, sai mai wasu baƙaƙen ƙwayoyi masu tauri, kuma a tsingaron nan ya gan su. Ran Litinin manyan soja za su zauna a kan bincikensa. In ya kai musu ɗanyar ƙasar da aka yi tukunyar da ita, a ci gaba. In bai kai ba, a rufe. Ni aikina rubuta wa masu gari takarda da ajami, tunda da yawansu ba sa karanta boko, in kuma yi musu magana yadda ake yi wa manya.

Kaura Namoda ta sha fenti tun da muka samu jiharmu, sakatariya sai ƙyalli take, amma ramukan hanya suna nan inda muka bar su lokacin muna Sakkwato. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a, alhamdu lillahi, gidan giyar da ke kusa da tashar jirgin ƙasa ya koma wurin mai shayi, a nan ma muka karya. Ga motocin hayar mata nan da alamarsu. Muka sami maƙerin a rumfarsa. Ya juya tsingaron, ya ce shi saye ya yi a kasuwar Shinkafi, bai san mai ginawa ba. Da nan muka wuce da mun huta, amma hafsa ya ce sai an gaida hukuma. Muka gaida wannan ofis, ya tura mu wancan, aka ba mu lemo, aka ce shugaba ya tafi Gusau, a jira mataimaki. Har azahar.

Da la'asar Dakta ya ce a gwada ƙasar bakin kogin Gagare, ko Allah zai sa a dace. A nan na ga yadda yake gwajinsa. Yana da wani farin dutsen ƙanƙara a aljihu. Sai ya jiƙa ƙasa a tafin hannu, ya tsinci ƙwaya, ya goga ta a jikin dutsen. Yashin banza ba ya yi masa komai, wadda yake nema kuwa sai ta ja masa layi. Ya gwada wuri bakwai, dutse bai ko yi ƙwarzane ba. Mutanen da suka taru kallo suka yanke cewa zinariya muke nema. Wani dattijo da ya ji an ambaci harsashi ya ja ni gefe, ya ce yana da layar da ta fi duk wannan wahala. Na ce masa ya ji tsoron Allah.

Alhamis muka doshi Shinkafi, ranar kasuwa. Hanyar cike da shanu da raƙuma da manyan motocin hatsi, direbanmu kuwa ba ya ganin rami sai ya faɗa ciki sannan ya ce subhanallahi. Ta wajen Badarawa gonaki duk an yi sharar su, ana jiran ruwa, gabas ta fara haɗa gira. Kasuwar Shinkafi sai wanda ya gani. Mutanen Nijar da kanwa da dabino, Fulani da nono da man shanu, albasa tuli-tuli. Gero ya yi tsada irin ta gab da damina, har na ji wata mata tana tambayar mai awo ko da zuma aka shuka shi. A layin tukwane muka sami mai sayar da 'yan tukwanen maƙera. Ya ce wata tsohuwa ce ke gina su a wani ƙauye bayan Zurmi, ita kaɗai, kuma ga motar ƙauyen can za ta koma kafin azahar.

Hafsa ya ce ba mu barin Shinkafi sai an gaida hukumar nan ma. Don kada lokaci ya ƙure, Dakta ya ce in rubuta wa mai garin takarda a ba motar, a haƙo mana buhu uku kafin mu iso. Hausarsa ta kasuwa ce, gajera. Ya ce, "Malam, rubuta: ƙasa daga rami, yadda take. Kar a taɓa. Da datti, da komai."

Na zauna a inuwar wata rumfa, na fiddo tawada da alƙalami. Na yi bismilla, na yi gaisuwa da fatan alheri ga mai gari da iyalinsa da talakawansa. Da na zo kan saƙon sai hannuna ya tsaya. Shekara arba'in ina rubuta wa mutane wasiƙa, ban taɓa aika wa babba da kalmar datti ba, balle in ba shi umarni kamar ɗan aikena. Sai na rubuta cewa manyan baƙi na gwamnati suna tafe, ana roƙon alfarma a tanadar musu buhu uku na mafi kyawun ƙasar tsohuwa, wadda ba za a ji kunya ba. Na karanta, na ji daɗin rubutuna, na naɗe. Dakta bai iya ajami ba, ya ce na gode.

Juma'a da hantsi muka wuce Zurmi, muka saki kwalta, muka bi turbar shanu har ƙauyen. Tun daga nesa muka ga an share ƙofar mai gari an yayyafa ruwa. Aka shimfiɗa tabarmi, aka kawo fura mai sanyi da tuwon dawa da miyar kuka da zabi biyu. Dakta yana ci yana duban agogo. Sai da aka wanke hannu sannan mai gari ya sa aka jawo buhuna uku, aka kwance bakin ɗaya. Wallahi ban taɓa ganin ƙasa mai kyan wannan ba. Fara sol, laushi kamar garin alkama. Mai gari ya ce tun da takarda ta iso jiya babu turmin da ya huta a garin, mata sun daka, sun tankaɗe da rariya, sun sake tankaɗewa da mayafi.

Dakta ya tura hannu har gwiwar hannu, ya murza, ya jiƙa, ya nemi ƙwaya ɗaya bai samu ba. Ya buɗe na biyu, ya buɗe na uku. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ya zauna a kan buhun ya cire tabarau, ya ce, "Malam, me ka rubuta?"

Na ce a kira tsohuwar. Nan kuma aka shiga wata sabuwa. Mai gari ya ce yanzu zamanin Shari'a ne, sai dai a aika ɗanta ya tambayo ta ya dawo. Ɗan ya shiga ya fito sau uku, kowane zuwa amsar daban. A na huɗu sai ga ta da kanta, da lulluɓinta da sandarta, ta tsaya a bakin zaure.

"Wane ne ba ya son ƙasata?"

Na ce, "Inna, ba ƙi aka yi ba. Baƙin tsakuwar da ke ciki ake nema."

"Tsakuwa? Malam, ba kai ka rubuto a ba su mai kyau ba? An karanta muna, kunnena biyu. Baƙon gwamnati za ni ba ƙasa da tsakuwa? Ɗiyan garin ga duka hannuwansu sun yi kanta."

"To ina tsakuwar da kuka tankaɗe kuka fitar?"

"Mun zuba ma turken awaki, wurin na laka. In shina so, ga awakin can, shi roƙe su."

Hafsa ya juya baya yana tari. Ni ban ga abin dariya ba. Dakta ya ce wadda ta gauraya da kashin awaki da toka ba ta da amfani a gare shi, dole sai daga rami. Tsohuwa ta ce ramin yana hayin rafi, kuma farar da ke sama ta tulu ce, ta maƙera tana ƙasa, sai an yi haƙa tsayin mutum. Ta ɗaga kai ta dubi gabas, ta ce in wannan hadarin ya sauka rami ya zama tafki, sai kuma bayan kaka.

Muka yi sallar Juma'a a garin, ni dai Allah Ya karɓa, don rabin hankalina yana kan sama. Da muka fito direba ya ce shi ba ya ɗaukar mace da maza a mota ɗaya, kada a kama shi. Na ce masa wannan ta haifi uwarka, kuma wa zai kama ka a turbar shanu? Ya kafe. Ƙarshe ita da surukarta suka shiga kujerar baya, ni da Dakta da hafsa da ɗanta muka hau bayan mota tare da diga da shebur, muna riƙe da huluna. Muna jiyo tsohuwar ta taga tana ta yi wa direba faɗa cewa jakinta ya fi shi sanin hanya.

A bakin ramin iska ta riga ta taso. Ɗanta da hafsa suka shiga suna haƙa, ita tana tsugune a sama tana nuni da sanda, nan ba can ba, ƙara ƙasa, kai soja ashe ba ka ci tuwo ba. Da na ga hannu bai isa ba, na naɗe babbar rigata ta Juma'a na sauka da shebur. Dakta ya ce in bari, na ce ni na ɓata. Can sai ƙasar ta sauya, ta yi toka-toka, tana ƙara a bakin diga. Tsohuwa ta ce, "Ita ce." Dakta ya tofa yawu a tafinsa, ya murza, ya tsinci wata baƙar ƙwaya da ba ta kai ƙwayar gero ba, ya goga ta a farin dutsensa. Ta ja layi, har muna jin sautin. Mutumin da kwana uku ban ga haƙoransa ba sai ga shi yana nuna wa kowa dutsen, har da surukar.

Buhu ɗaya da rabi muka cika kafin ruwa ya kece. Muka rufe su da tabarmar direba, ba mu ko tambaye shi ba. Kafin mu juya mota, ramin ya fara shan ruwa. Dakta ya ce ɗaya da rabin ya isa a gasa faranti na gwaji, ko da yake uku ya so. Ya ce ko an yarda a ci gaba, za a yi shekaru kafin a san ko wani soja zai sa abin a ƙirjinsa. Buhunan fari kuwa na ce lalle a ɗauke su, ba za a bar wa matan garin wahalarsu a ƙofar mai gari ba. Suna nan a zaurena, ban san abin da zan yi da su ba.

Mun kwana a Zurmi, Asabar da safe suka sauke ni a Ɗan Isa suka wuce, ina tari, riga ta rine, bayana kamar an daka. Ban ji yadda zaman Litinin ya ƙare ba tukuna, ina dai yi masa addu'a.

Na ga kasuwa, na ga hanya, na ga ilmi a hannun tsohuwar da ba ta san alif ba. Amma abin da na dawo da shi a kaina shi ne wannan: saƙo amana ne, kuma ni shekara arba'in ina tankaɗe na mutane ina ganin gyara nake. Jiya maƙwabcina ya zo in rubuta wa ƙanensa da ke Katuru. Ya ce, "Ce mishi shi maido man jakina, ya daɗe." Alƙalamina har ya kama hanyar cewa in babu takura, in Allah Ya hore lokaci. Na ɗaga shi, na yi istigfari, na rubuta: ka maido masa jakinsa, ya daɗe.