Layin da Ba Ya Ciruwa

Da za mu tafi Masar da Umma a yi mata aikin ƙoda, yayana ya ja ni shagon wani mai waya a Bagama, nan Suleja, a sa min layin da zai yi aiki a can.

"Ba kati, ba cirewa," in ji mai shagon da gurguwar Hausarsa. "Cikin waya yake zama. Kina sauka, data na aiki."

Bai yi ƙarya ba. Kullum bayan La'asar Baba yana ganin Umma a bidiyo daga tsakar gidanmu a Wambai.

"Hajiya, kin yi fari. Kar wani Balarabe ya ƙwace min ke."

"Kai dai Malam, ka sha maganinka."

Ranar aikin, da safe, wayata ta zame daga hannuna a banɗaki, ta daki ƙasa, ta mutu. Da kati ne, sai in zare shi in sa a ƙaramar wayar Umma, shi ke nan. To, me zan zare?

Ana shirya ta, Umma ta ce, "Kira min babanki. Ba a shiga wurin nan ba a nemi gafarar juna ba."

Wata nas ta ara min wayarta. Na tsaya ina kallon allon kamar sakarya. Lambar Baba ba ta kaina. Ta yayana ma haka. Wa yake haddace lamba yanzu?

"Umma, ina layinki na gida? Lambobin suna kai."

Tun a jirgi ta cire shi, don an ce mata yana cin kuɗi a waje. Ta ƙulle shi a haɓar zani, yadda take yi da duk abin da take tsoron ɓatansa. Zanin kuwa an kwashe shi da zannuwan gado zuwa wanki tun lokacin da aka sa mata rigar asibiti. Na bi masu wankin da gudu, ina Hausa, suna Larabci. Da na dawo, ban samo shi ba, har an fara tura gadonta.

"Ki ce masa ya yafe min," ta ce. Aka shige da ita ɗakin aikin, aka rufe ƙofa.

Ba ta farka ba. A can aka binne ta.

Da na dawo Suleja, sai da masu gaisuwa suka ragu na isar da saƙon. Baba ya ce ya yafe mata duniya da lahira. Ya ci gaba da murza carbi.

"Ni fa? Ta ce ta yafe min?"

"Ba ta kai nan ba, Baba. An riga an rufe ƙofa."