Ramin da Kawu Ya Huda a Bangon Ɗakina

Shekarar da nake ajin ƙarshe na sakandare, kafilin ƙanen Umma, Kawu, wato ubangidan da ke tsaya masa a takardun zama, ya bar masa wata tsohuwar karafan, irin motar nan mai gado da kicin a ciki da ake fita sahara da ita. Injinta ya mutu tuntuni. Jawo ta aka yi har unguwarmu, Nuzla, aka ajiye daidai ƙasan tagata.

Ranar da aka buɗe ta na leƙa. An manta da kifi a firjinta tun bara. Katifar ta yi baƙi ƙirin, kyankyasai na fitowa daga cikin murhu. Na koma na wanke hannu duk da ban taɓa komai ba.

Kawu ya ce wuta kawai za a ja mata ta zama majalisarsa. Gidanmu tsohon gini ne mai wuta iri biyu, ƙarama da babba, kuma Umma ta ɗiga jan farce a kan duk soket mai babbar don kada a ƙona kaya. Wanda ya fi kusa da titi shi ne na mukayyif ɗina, mai sanyaya ɗakin da nake karatu.

Kawu da abokinsa suka huda bango, ƙura ta rufe min littattafai. Suka fere waya da haƙori, suka murɗa ta a bayan soket ɗina, suka naɗe da leda, sannan suka maƙala sabon soket a waje. Na ce a hankali, layi ɗaya ba zai ɗauki mukayyif biyu ba, gara a ja mata nata daga mita.

"Yalla ya daktor, koma kan karatunka," in ji Kawu. "Mun yi wanda ya fi wannan."

Da la'asar abokansa suka cika motar, ga shayi ga kati. Suna kunna nasu mukayyif ɗin wutar gidan ta ɗauke. Aka mayar, ta sake ɗaukewa. Na kai ƙara wurin Umma. Ta ce baƙi ne, kuma ƙanenta bai taɓa samun wurin zama nasa na kansa ba, in riƙa kashe nawa har su tashi, halas, magana ta ƙare.

Ba sa tashi sai an kira isha. Kyankyasan ma suka gano ramin, har na tarar da ɗaya a matse cikin littafin kimiyya. Na toshe da tsumma, na rufe taga saboda wari. A haka na shirya wa jarrabawa, tawul a wuya, gumi na ɗiga a takarda, dariyarsu na shigowa ta bango.