Fitilar Surukin Mai Kunne

Shekara talatin Mai Kunne yana gano ciwon mota da sauraro kawai, shi ya sa laƙabin ya bi shi. Ran nan mijin 'yarsa ya kawo tsohuwar motarsa, mai fitilun da ke ɗagowa kamar fatar ido. Ta hagu ta ƙi buɗewa.

"Ai wata uku tana gurnani, Baba, sai in ƙure rediyo."

Ran tsohon ya ɓaci. Ya kwance injin fitilar, ya ciro ɗan faifan roba, haƙoran gefe ɗaya duk sun cinye. Ya juya shi, lafiyayyun suka kama, fitila ta ɗago shiru.

"Wata uku tana kuka kana ƙure rediyo! Matsa, bari in kira 'yata in ji lafiyarta."