Dattijo da Dashen Lemonsa

An sake ɗaga tashin jirgin nan mai araha, fasinjoji sai tsaki suke yi. Wani dattijo mai tsohuwar kwat kuwa yana zaune rungume da dashen lemo a gwangwani, yana shafa ganyen da ya fara yaushi. Daga ganin hannayensa manomi ne. Wataƙila 'yarsa ce ta yi sabon gida.

Ma'aikaciyar kamfanin tana raba ruwan gora, haƙƙin duk wanda aka ɓata wa lokaci. Ya karɓa, ya juye wa dashen tas, ya sake miƙa hannu.

"Baba, ai ɗaya-ɗaya ne," in ji ta.

"'Yata, shi ma kun karɓi kuɗin hawansa. Mu biyu kuka shanya a nan."

Ta kwashe da dariya, ta miƙa masa wata gorar.