Gawa a Firiza, Hajiya a Falo

Muna falo a unguwar Longsight da ke Manchester muna kallon fim ɗin barkwancin Turawan nan. 'Yan gida ɗaya sun kashe kawunsu, sun cusa gawar a firiza, suna gardamar wa zai dafa shayi. Dariya nake har da hawaye.

Mahaifiyata, da ta zo daga Kano, sai salati take.

"Kwanansa nawa a ciki?"

Na ce, "Huɗu, Hajiya. Wasa ne fa."

"To ni ba wasa nake ba. In ta Allah ta kasance a garin nan, kar gawata ta kwana."

Washegari na je masallaci na tambayi yadda ake jana'iza a Manchester. Shekarata bakwai a nan, ban taɓa tambaya ba.

Ku fa, kun tambaya?